Ɗigo Biyu a Waƙar Iya

Masu karatu, ina yi muku sallama. Kafin ku gyara zama bari in gaya muku, a wannan labarin ni ce mai laifi. Kada wata ta rubuto mini tana cewa ai so ne ya ja. Ba so ba ne. Shisshigi ne, da ganin na fi kowa hankali.

Sunana Munira, shekarata ashirin da uku. Ina aikin buga takardu a wani ɗan shago bayan tashar Dakoro, inda mutane ke kawo wasiƙar neman aiki da takardar haihuwa a yi musu fotokofi. Hannuna yana da sauri a kan ordinata, wato kwamfuta, kowa ya shaida, ni ma na sani, kuma sanin ya shiga kaina.

Wanda ke nemana sunansa Saminu, amma duk gari Mushe Saminu ake ce masa, wato Malam a bakin Faransawa, don Faransanci yake koyarwa a kwaleji. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum da garin alli a hannun rigarsa na dama. Lokacin da yake karatu a Yamai ya koyi rubuta waƙa a takarda: layuka biyar a jere, da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, kowane ɗigo sauti ɗaya. Wanda ya iya karanta su zai rera waƙar ko bai taɓa jin ta ba. Saminu ba ya kiɗa, ba ya zuwa gidan biki. Abin da ya dame shi waƙoƙin tsofaffin mata ne, na daka da na niƙa, waɗanda tun zuwan injin niƙa suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Baba bai ga wannan bambancin ba. Mahaifina Malam Sallau mai sayar da irin shuka ne a kasuwa, mutum mai magana ɗaya. Ranar da kawun Saminu ya zo gaisuwa, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dama masa fura, sai da ya sha ya ajiye ludayi sannan ya ce:

"Na ji yaron nan yana harkar waƙa. Mu ba mu haɗa zuri'a da maroƙa."

"Haba Malam, ai malamin lakwal ne."

"Duk wanda ke sa sunan mutum cikin waƙa don ya sami abin da yake so, maroƙi ne, ko ya ɗaura karabat a wuya."

Da a nan maganar ta mutu, ba don Iya ba. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, sunanta Uwale. Baba ne ɗanta na fari, kuma kun san yadda tsofaffinmu suke da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. Ba ta zama inda yake zaune. Da aka yaye shi aka kai shi Birnin Lalle wurin kakanninsa, can ya girma. Yau gida ɗaya suke, ɗakinta na kallon nasa, amma in tana da magana da shi sai ta bi ta kan Inna, mahaifiyata. Haka ta yi a wannan karon.

"Ki ce ma mai gidan nan ya bar zancen har bayan babbar salla. Ni zan duba yaron da kaina."

Baba ba ya tsallake maganarta. Ya ce to. Ke nan aurena yana hannun Iya, kuma Iya ta fara son Saminu. Ku riƙe wannan, don ku gane girman wautar da na yi.

Wata Asabar da hantsi Saminu ya zo ɗaukar waƙarta, bayan Baba ya fita kasuwa. Ya sa riga ruwan toka mai gajeren hannu, ya goge takalminsa har yana sheƙi. Ni kuwa atamfa shuɗiya mai zanen ganye na sa, na ɗaura kallabi sau uku kafin ya zauna yadda nake so, na kuma ce wa Inna wai shara zan yi a tsakar gida. Iya tana gindin bishiyar bedi da baƙin zanenta, turmi a gabanta.

"Angona ya zo," ta ce. "Kai, wanga ango nawa ba nama a jikinshi. Ba su ba ka abinci a lakwal?"

"Iya, ke nake jira ki tare ki riƙa dama mini fura."

"Ku ji shi! Ni da zan tare, ina ka kai lehena? Ke mai inji, aje tsintsiyar ƙarya ki kawo mashi kujera, kar ƙasa ta ɓata mashi wando."

Ya yi mata bayani. Zai ɗauki muryarta a waya, ya mayar da ita rubutu, 'yan matan kwaleji su rera a bikin ƙarshen shekara. Iya ta saurara tana juya gero da hannu. Da ya gama ta daina wasa.

"Abin da bakina ya hwaɗi, shi za ka sa. Abin da bai hwaɗi ba, ba naka ba ne."

"Na ɗauka, Iya."

"Gaban Allah?"

"Gaban Allah."

Ta miƙe ta ɗauki taɓarya. Shekarunta sun haura saba'in, amma da taɓaryar ta fara sauka sai muryar ta fito siririya, tsaf, tana tafiya tare da dakan:

Na surfe gero, na wanke tas,
na ware rabon wanda ba ya gida.
Ranar idi ya zo mini baƙo,
da yaye suka ɗauke shi a kan jaki.
Mm-mm, ka ci ka ƙoshi inda kake,
ni ma na ci, kada ka tambaya.

Baiti uku ne, kuma a kowane baiti in ta zo wurin nan sai ta rufe baki, ta yi sauti biyu ta hanci, taɓarya ta sauka, ta ci gaba. Tun ina yarinya nake jin waƙar nan. Ban taɓa sauraren ta ba sai ranar.

Saminu ya yi mako guda yana jera ɗigon a cikin wata manhaja ta rubutun waƙa. Saura kalmomi. Shi da yatsa biyu yake buga rubutu, kamar kaza na tsattsagar tsaba, shi ya sa ya kawo aikin shagonmu. Mai shagon, Hajiya Baraka, ta ce ba laifi in dai ƙofa a buɗe take kuma tana zaune. Ta kuwa zauna, da carbinta da idonta.

"Danna ɗigon farko," ya ce. Yana tsaye a bayana, ya bar tazarar mutum guda. "Yanzu haɗa wannan maɓallin da wancan."

Wani ɗan tsinke ya fara ƙyaftawa a ƙarƙashin ɗigon. Na zuba layin farko gaba ɗaya kamar yadda nake buga wasiƙa. Duka kalmomin suka cunkushe ƙarƙashin ɗigo ɗaya, sauran ɗigon suka ruga gefe.

"Sarauniyar ordinata," ya ce, "nan ba wasiƙar neman aiki ba ce. Gaɓa-gaɓa ake yi. Kowace gaɓa da ɗigonta."

"Ka faɗa tun farko mana."

"Kin bari na faɗa?"

Hajiya Baraka ta yi dariya ba ta ɗago ba. Na goge, na sake. Na rubuta "ge", na danna ɗan karan tsakiya, tsinken ya tsallaka ɗigo na gaba da kansa, na rubuta "ro". In kalma ta ƙare sai in danna dogon maɓalli, shi ma ya tsallaka, amma ba ya barin kara. Inda Iya ta ja murya a ƙarshen "gida", ɗigo huɗu ne a kan gaɓa ɗaya, sai a ja layi a ƙasa tun daga gaɓar har inda numfashinta ya ƙare. Baiti na biyu ana jera shi daidai ƙarƙashin na farko, na uku ƙarƙashin na biyu, ɗigo ɗaya yana ɗauke da gaɓa uku a tsaye. Cikin rabin awa na fi shi sauri. Na kuma rama, don duk inda ya rubuta harafi mai ƙugiya da kansa, ɗan akwati ne ya fito babu komai a ciki.

"Mako guda ina fama da akwatunan nan," ya ce.

Na zaɓi duka kalmomin, na canza musu salon rubutu zuwa wanda ya san haruffanmu. Ƙugiyoyin suka fito reras.

"Yanzu wa ke koya wa wani, Mushe?"

"Na sallama."

Na sa sunan waƙar a tsakiya da manyan haruffa. A kusurwar dama, inda ake sa mai waƙa, ya ce in rubuta Hajiya Uwale, Dakoro. Nasa sunan a can ƙasa ya ce in sa, ƙanana, wai shi mai kwafa ne kawai. Saman layuka, duk inda taɓarya ke sauka, na sa kalmar "daka" da rubutu mai kwanciya, don yara su buga ƙafa a wurin. Inda kalmomi suka matse juna na faɗaɗa musu wuri. Takardar ta yi kyau, ba yabon kai ba.

Sai muka zo layi na biyar. Ɗigo biyu, babu komai a ƙarƙashinsu.

"Tsallake su," ya ce. "A samansu ki rubuta 'da baki a rufe', ƙanana."

Na tsaya. "Mushe, ka san abin da ke wurin nan."

"Na san abin da na ji."

"An haifi Baba ranar idi. An ɗauke shi da yaye. Ɗigo biyu." Na rage murya, don ni ma sunan ba ya mini sauƙi a baki. "Sal, lau. Gwada ka gani."

"Ba sai na gwada ba. Tun a gindin bedi na gane."

"To a sa mana. Baba ya ji sau ɗaya a rayuwarsa."

Ga abin da ke raina, ba don ya wanke ni ba. Bara, da ɗan maƙwabciyarmu zai tafi jami'a, uwarsa ta rako shi har ƙofar gida tana kuka tana kiran sunansa. Baba yana tsaye yana kallo. Da ya shigo na ji ya ce wa Inna, "Mu ba mu san wannan ba. Mu a kan jaki aka ɗora mu." Ya faɗe shi kamar wasa, amma ni ban ji wasa ba. Sai na shirya wa kaina labari mai daɗi: Baba zai ji waƙar, zuciyarsa ta yi sanyi, ya gane Saminu ne ya kawo masa wannan, ya ce a sa rana.

Na gaya wa Saminu duk wannan. Ya saurara har ƙarshe.

"Munira, Baba ya san uwarsa tana son sa. Ba ya buƙatar 'yan mata talatin su sanar da shi."

"Kai ba ka zauna gidanmu ba."

"Gaskiya ne. Amma na zauna gaban turminta na yi alkawari. Shirun nan ma nata ne. Ita ta sa shi a wurin."

Na rubuta abin da ya ce, fuskata a ɗaure. A raina kuwa cewa nake yi, namiji ne, me ya sani game da zuciyar uwa? Ni da ban haifi ko ɗan tsako ba.

Ranar Lahadi da yamma saƙonsa ya shigo wayata.

"Salam Munira. An tura ni Kornaka tsaron jarrabawa, sai Alhamis. Waƙar tana cikin na'urarku. Gobe ki fitar da talatin ki kai wa Madam Zara, ita za ta fara koya wa yara. Kada ki taɓa komai, ta yi daidai."

"To Mushe. Allah ya kiyaye hanya. Me za ka taho mini da shi?"

"Kaina. Bai isa ba?"

"Da sauƙi dai."

Litinin da safe na riga Hajiya Baraka zuwa shago. Na buɗe waƙar. Na daɗe ina kallon ɗigo biyun. Sannan na danna rubutun da ke samansu na goge shi. Na danna ɗigon farko, tsinke ya fara ƙyaftawa. Na rubuta gaɓa ɗaya, na sa kara, na rubuta ta biyu. Na sauka baiti na biyu na yi haka, na uku ma haka. Ko minti ɗaya ban yi ba. Sunan ya zauna daidai, kamar dama wurinsa ne, kuma wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na'ura ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Ba ta san kunya ba, ba aikinta ba ne. Aikina ne.

Na fitar da talatin na kai wa Madam Zara, malamar da ke kula da 'yan matan. Baƙuwa ce a garin, ba ta san Iya ba, ba ta san Baba ba. Ta duba ta ce, "Kai, aiki mai tsabta." Na dawo ina jin daɗi.

Ni bikin ƙarshen shekara na sa a gaba. Na manta cewa waƙa mai daɗi ba ta jiran biki. Yara suka koye ta a yini ɗaya, suka fito da ita daga aji, suka kai ta famfo, suka kai ta gidajensu.

Laraba bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke kwanuka. Inna tana hura wuta. Iya tana gindin bedi tana tsinke zogale a faifai. Sai muka ji muryoyi ta bayan katanga, 'yan mata huɗu ko biyar suna dawowa daga lakwal, suna buga ƙafa inda na rubuta musu su buga. Iya ta ɗago tana murmushi.

"Ku ji ja'iran nan, sun ɗauke mani waƙa."

Ta fara kaɗa kai tana bin su. Suka wuce idi, suka wuce jaki. Sannan suka buɗe baki gaba ɗaya suka kira sunan, da ƙarfi, a tsakiyar titi.

Hannun Iya ya tsaya a cikin faifai. Inna ta bar hura wuta. Muryoyin suka yi nisa. Iya ta karkaɗe zanenta, ta ajiye faifan a kan turmi, ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya dawo kafin magariba da takarda a naɗe a hannunsa. Daga baya na ji yadda aka yi. Abokan kasuwarsa ne suka tare shi da tsiya, wai Malam Sallau ashe an yi maka waƙa, surukin naka ya fara aiki tun ba a ba shi ba. Ɗaya daga cikinsu ya karɓo takardar a wurin ɗiyarsa ya kawo masa. Sai a lokacin maganar da Baba ya gaya wa kawun Saminu ta dawo mini. Da hannuna na mayar da Saminu abin da Baba ya ce shi ne.

Na ɗauki waya na rubuta, "Mushe, akwai magana." Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ban aika ba. Wannan ma laifi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko wauta ce, na biyu tsoro ne.

Alhamis da la'asar Saminu ya sauka daga mota, ya tarar da saƙon Baba yana jiran sa. Ko gida bai je ba. Ya shigo zaure da ƙurar hanya a takalminsa, ya cire su, ya durƙusa ya gaida Baba. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, hijabina a hannu.

Baba ya miƙa masa takardar. "Wannan aikinka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Karanta mini layi na biyar."

Ta tsagar ƙofa ina ganin gefen fuskarsa. Idonsa ya sauka a wurin, ya tsaya. Ya duba baiti na biyu, ya duba na uku. Ya san hannun da ya yi. Babu wani hannun.

"Baba, ba zan iya karanta shi a gabanka ba."

"Amma ka iya ba yara talatin su yi ta shela da shi a titi. Uwata tun jiya ba ta fito ba. Abin da ta rufe tun kafin a haife ka, kai ka buɗe. Don me? Don in ji daɗi in ba ka ɗiya?"

"Takardata ce, sunana yana ƙasa. Laifin yana wuyana. Ina neman gafara."

"Na gafarta maka. Amma ka gaya wa kawunka kada ya wahalar da kansa bayan salla."

"To, Baba."

Haka kawai ya ce. Ya fara jawo takalminsa. Masu karatu, na so in ce muku nan take na faɗa zauren. Ƙarya ne. Sai da ya sa ƙafa ɗaya. Sannan na zura hijabi, na tura ƙofar, na durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, ni ce."

"Wa ya kira ki?"

"Ba shi ya sa sunan ba. Ya hana ni, a gaban Hajiya Baraka ya hana ni. Da ya tafi Kornaka na sa da hannuna. Bai sani ba sai yanzu."

Baba ya dube ni, ya dubi Saminu. "Haka ne?"

Saminu bai ɗago ba. "Ni na bar mata aikin."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Haka ne, Baba."

Baba ya naɗe takardar a hankali. Ya daɗe yana murza ta a hannu. Da zai yi magana ba da ni ya yi ba, bango ya kalla.

"Kuna tsammani ban san waƙar nan ba? Duk wanda ya zo Birnin Lalle daga nan, sai ya zo mini da gari a ƙulle a tsumma. Ba a taɓa ce mini daga wa ba. Ban taɓa tambaya ba." Ya miƙo mini takardar. "Ba ni kika yi wa laifi ba. Wadda kika yi wa tana ciki. Abin da ta yanke a kanku, shi ke nan."

Saminu ya yi sallama ya fita. Bai dube ni ba.

Ɗakin Iya yana ƙamshin turaren wuta da man shanu. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a miƙe, tasoshinta jere a bayanta. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta bari na gama.

"Shekara hamsin da biyar yana cikin bakina," ta ce. "Ke kwana uku ya yi a hannunki."

"Iya, ki yafe mini. Na ɗauka taimako nake yi."

"Wa ya ce maki muna neman taimako? Ni da shi mun hi ki sanin abin da ke tsakaninmu." Ta miƙo hannu. "Kawo in gani."

Iya ba ta karatu, ko na allo kaɗan ta yi. Ta riƙe takardar nesa da idonta.

"Ina yake?"

Na ɗora yatsa a ƙarƙashin ɗigo biyun. Ta daɗe tana kallo.

"Haka yake a rubuce?"

"Haka yake, Iya."

"Ɗan kaɗan da shi," ta ce. Ta ninke takardar biyu ta tura ƙarƙashin filo, ta gyara zama, ta koma Iyar da na sani.

"Yaron nan ya yi alkawari ya cika. An kama shi da laihin da ba nashi ba, ya ɗauka bai tona ki ba. Na gama duba shi, shi ba ni da sauran magana a kanshi. Ke ce yanzu ban sani ba. Ba ni cutar ɗan mutane in ba shi matar da za ya ce mata bari, ya juya baya ta yi."

"Iya..."

"Rufe mani baki. Takardu nawa kika hidda?"

"Talatin."

"Guda tana nan. Sauran ki bi su gida-gida, da ƙahwarki, ba da waya ba. Kowane gida ki yi sallama, ki samu uwar yarinyar, ki ce ni ce Munira jikar Uwale, ni na sa abin da ba a ce in sa ba, malamin ba ruwanshi. Ki amso takardar ki kawo mani. In sun cika, sai in ga ko akwai zancen da zan aika ma mai gidan nan."

"In yaran sun riga sun haddace fa?"

"Sun haddace. Wannan ya wuce, ba ki iya maida shi. Sunan malamin za ki wanko."

Juma'a da safe na karɓi jerin sunayen yaran a wurin Madam Zara. Na sa hijabi ruwan ƙasa, ban shafa komai a fuska ba. Gida na farko na wata mata ce mai sayar da ƙosai, wadda duk unguwa ta san in labari ya shiga kunnenta kafin azahar ya kai tasha. Na tsaya a ƙofarta ina jin ƙarar mai a kasko. Tun jiya Saminu bai kira ba, ni ma ban isa in kira ba.

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Shi ne.

"Na ji abin da Iya ta ce. Ki gama tukuna. Bayan nan ni ma ina da tawa maganar."

Babu salam, babu sunana. Na karanta sau uku ban gane ko wace irin magana ba ce. Na mayar da wayar cikin jaka, na ɗaga murya na yi sallama.

"Wa ke nan?" matar ta ce daga ciki.

"Ni ce Munira, jikar Uwale."